Azurfa da Fartanya a Kongolam

Wanda ya san Kongolam daga cikin mota, shinge kawai ya sani: jami'an kwastan da na shige-da-fice, tireloli a jere, 'yan canji riƙe da damin naira da sefa, yara masu tallan ruwa da dafaffiyar gyaɗa. A nan titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Kazaure da Daura da Mai'aduwa, yake ƙarewa bayan tafiyar kimanin kilomita 130. Taki kaɗan gaba sai Ɗan Barto, sai hanyar Matamaye da Damagaram. Yawancin matafiya ba sa sauka sai in za a duba musu takardu. Ni kuwa sauka na yi da jakata, cikin watan Agusta, domin wani abokina ɗan garin ya daɗe yana ba ni labarin kawunsa, maƙerin farfaru, wanda ya ce rabin matan unguwarsu da aikinsa aka kai su ɗakin miji.

Daga Daura zuwa can, gero ya rufe ido hagu da dama. Ƙasar jigawa ce, rairayi mai laushi, da rani ba ka ganin komai sai ƙura da kara, amma yanzu ko'ina shar. Gawo kaɗai ke tsaye tsirara a tsakiyar gonaki, don shi da damina yake zubar da ganye, ya sakar wa shuka rana, shi ya sa manomin wannan yanki ba ya ɗaga masa gatari.

Da muka gaisa da tsohon a zaure, aka gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya yi dariya.

"Malam, ai ka zo a baibai. Da ka bari sai kaka. Yanzu wutar nan sai ta kwana uku ban hura ta ba."

Ƙira iri biyu ce, kuma damina ba ta yi musu rabo daidai ba. Maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da sungumi da lauje, tun kafin ruwan farko ba su da lokacin kansu; a bakin titi na ga wani, manoma sun kewaye shi, kowa da ruwan fartanyarsa da ya dakushe. Ba tun yau ake girmama su a ƙasar Daura ba: a labarin Bayajidda ma, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makamin da ya kashe macijiyar Kusugu da shi. Maƙerin farfaru kuwa, mai azurfa da tagulla da farin ƙarfe, mai zobe da awarwaro da munduwa da 'yan kunne, kasuwarsa tana bin biki, biki kuma yana bin rumbu. Muddin kuɗin gari na cikin ƙasa ba a girbe shi ba, babu mai zancen ado. Saboda haka daga Yuni zuwa Satumba mai masaukina manomi ne da safe, maƙeri da la'asar, in ma an sami abin da za a ƙera.

Bayan sallar asuba muka sha koko, ya saɓi fartanya, 'ya'yansa biyu da jikansa suka bi baya. Gonar gandu ce, gero da wake a tsakani, gefe guda an ware wa gyaɗa. An riga an yi noman firi, an yi maimai, abin da ya rage sai tsintar ciyawa da tuge ƙuduji kafin ya yi fure ya zubar da iri. Hannun da zai iya lanƙwasa wayar azurfa siririya ya fitar da fure a kan ɗan kunne, shi ne na ga yana cusawa cikin jiƙaƙƙen rairayi yana fizgo saiwa. Na tambaye shi ko noma ba ya ɓata masa hannu. Ya ce yana ɓatawa mana, kanta takan fito, yatsu su yi nauyi, sai an yi kwanaki bayan girbi kafin su dawo daidai. Amma maƙerin da ya ce ba zai yi noma ba, in ji shi, azurfar mutane zai ci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba gonar ba ce, ɗan filin da ke bayan gida ne, wanda duk faɗinsa bai wuce shimfiɗar tabarmi goma ba. Wannan ba na maigida ba ne, na uwargida ne, kuma ba a shigarsa sai da izininta. Kuɓewa ce a layin gaba, an bar ta inda rana ke samu. Bayanta yakuwa da rama, sai lalo da ya fito da kansa aka ƙyale shi, sai gauta da barkono a gindin katanga. Kabewa ta hau danga ta haura rufin ɗakin girki, ta ajiye 'ya'yanta a can sama inda akuya ba za ta kai ba, ko da yake awakin ma duk suna turke, kamar yadda dokar damina take a kowane ƙauye. A kusurwa akwai zogale uku da kurmin lalle. Ruwan wanke-wanke ta yi masa 'yar hanya yana gangarawa gindin zogalen. Tokar maƙera kuwa ba a zubar da ita a juji. Takan aiko jika da ƙwarya ya kwaso, ta barbaɗa a kan ganyen kuɓewa da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, don ƙwari.

Kada a raina wannan fili. A watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, shi ke riƙe da tukunyar miya. Kowace rana ana tsinkar kuɓewa tun tana ɗanya shakaf, abin da ya yi saura a yanyanka a shanya a kan faifai duk sa'ad da rana ta leƙo, a tara na rani. Zogale da tafasa a dafa a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, shi ne abincin rana na masu dawowa daga gona. In kuma yara sun fita da talla, kuɗin na uwargida ne, maigida ba ya tambaya. Na ci tuwon gero da miyar kuɓewa ɗanya da man shanu a gidan nan, har yau ban daina ba da labarinsa ba.

Ranar da aka hura wuta, wata yarinya ce ta jawo. Ta yi sallama a bakin zaure, ta durƙusa, ta kwance bakin gyalenta ta fito da tsohuwar munduwa guda, ta yi baƙi, ta tsage a gefe.

"Baba, wai in ji Inna, a mayar mata 'yan kunne da zobe, na Yaya ne da za a kai bayan girbi."

Bai ce komai ba tukuna. Ya saki munduwar a kan uwar maƙera, ya karkata kai yana sauraren amonta. Ya goga ta a jikin wani baƙin dutse ya dubi zanen da ta bari, ya kara mata maganaɗisu. Sannan ya jawo ɗan ma'auninsa, wanda yanzu na batir ne irin na masu sayar da gwal, ya ɗora, ya sa yarinyar ta karanta lambar da bakinta, ya ce ta riƙe ta kai wa uwarta. A wannan sana'a awo shi ne mutunci. Shari'a ta ce azurfa da azurfa sai daidai wa daida, hannu da hannu, don haka hanyar da ta fi tsabta ita ce mai kaya ya kawo azurfarsa, a auna a gabansa, a ƙera, a sake aunawa, ya biya ladan aiki daban. Ɗan abin da wuta da magagari za su ci, an san shi, ana faɗinsa tun farko.

Ya daddatsa munduwar gunduwa-gunduwa, ya zuba a ɗan kaskon yumɓu wanda bai fi ƙoƙon shayi ba, ya binne shi cikin gawayi. Gawayin ma da magana: na ƙirya yake so, don shi ke riƙe wuta ba ya saurin zama toka, amma ƙiryar ta yi wuya, kuma da damina ko an samu sai an shanya shi. Zugazugin fata na mahaifinsa yana rataye a bango, ya bushe. Wanda ake aiki da shi yanzu wilin keke ne aka ɗaura wa fanka, jikan yana juyawa da hannu. Azurfa zalla ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 962, shi kuwa tsohon ba ya buƙatar ma'aunin zafi, launin wuta yake kallo. Can sai gutsattsarin suka fara zubewa, suka haɗe suka zama ƙwallo guda mai sheƙi yana rawa a cikin kaskon. Ya barbaɗa sinadari, dattin ya taso ya koma gefe. Ya kama kaskon da awartaki, ya juye cikin wani ƙarfe mai dogon rami da ya shafa wa man gyaɗa. Hayaƙi ya tashi, ƙamshin mai ya cika zauren.

Daga nan sai duka. Sandan azurfar yakan sha masaba har ya fara taurin kai, sai a mayar da shi wuta ya yi ja, a tsoma a ruwa, a ci gaba. Wanda ya yi gaggawa ya ƙi mayarwa, tsagewa za ta yi masa a hannu. Da ya sirance, sai ya fiƙe bakinsa ya zura a wani faifan ƙarfe mai huda-huda, daga babbar kafa zuwa ƙarama, ya taka faifan da ƙafa yana jan wayar da awartaki, har ta koma siririya. Biyu ya murɗa wuri guda, ya naɗa, ya yanka, ya jera zoben-zoben a kan wani fallen, ya liƙe su da 'yar wuta yana hurawa ta bututu. A ƙarshe aka tafasa kayan cikin ruwan lemun tsami da alif, aka wanke da omo da tsohon buroshin haƙori. Abin da ya shigo baƙi ƙirin ya fita fari tas. Ana kiran magariba yana ɗora su a ma'auni.

Na tambaye shi daga ina azurfar take zuwa, tunda babu mai haƙo ta a nan. Ya ce yawancinta tsohuwa ce take zagayawa. Ya buɗe wani gwangwani ya nuna mini tsabar da ya ƙi narkawa. Akwai babbar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wadda ko yaushe aka buga ta 1780 ake rubutawa a jikinta. Nauyinta giram 28 ne, kuma fatake sun daɗe suna shigo da ita ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Akwai dalar Faransa ta azurfa, mai giram 25, wadda ta shigo ta wajen Damagaram. Akwai sule da fataka na Ingila, waɗanda aka fara bugawa don Afirka ta Yamma a 1913. Daga 1920 aka daina yin su da azurfa, shi ya sa tsofaffin maƙera suke duba shekara kafin su saya. Irin waɗannan kuɗaɗe ne kakanni suka narke suka yi wa 'ya'yansu mata mundaye. Munduwar da aka narke ɗazu, mai yiwuwa wannan ne karo na uku ko na huɗu da ta shiga wuta, kowane karo don wata amarya.

A nan na gane abin da ake nufi da cewa na zo a baibai. Da kaka azurfa fita take yi daga maƙera zuwa ɗakunan mata. Da damina kuwa dawowa take yi. A ɗan zaman da na yi, an kawo kayan sayarwa fiye da na ƙira: awarwaro, zobba, wata sarƙa da ta tsinke. Ba masu kayan ke zuwa ba, tsohuwa ake aikowa ko yaro, kuma ba a faɗin dalili. Shi ma ba ya tambaya, ya riga ya sani. Ko taki ne ya gagara, ko 'yan ƙwadago ke jiran kuɗinsu, ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro, ko kuwa rumbu ne ya nuna gindi. Azurfar mace ita ce ajiyarta, ba ta miji ba ce, ba ta gandu ba ce, kuma ba ta rubewa ba ta mutuwa kamar akuya. Abin da ya burge ni shi ne, in ya saya ba ya narkawa nan da nan. Yakan ɗaura wa kowanne zare mai launi daban ya jefa a gwangwani, sai an kai amfanin gona gida. Da yawa sukan dawo su fanshi abinsu. Na ce masa ai wannan kuɗi ne ya kwantar. Ya ce, "To, in na narke munduwar uwar mutum, da wane ido zan gaishe ta a gidan suna?"

Gidan kuwa ba ya rabuwa da baƙi. Da an gama maimai, aiki ya ɗan lafa, sai mata su fara neman izinin ganin gida. Ran Alhamis da hantsi sai ga ƙanwarsa daga wani ƙauye na wajen Matamaye, a bayan babur, da jikoki biyu da ƙullin kaya. Tun daga ƙofa yara suka ɗauki ihun "Ga Gwaggo! Ga Gwaggo!" Ta zo da ƙwan zabi cike da ƙwarya an shimfiɗa musu ƙaiƙayi, da man shanu, da cuku. Ta durƙusa ta gaida wanta, "Yaya, mun same ku lafiya? Ya ruwa?" Ya ce, "Ruwa ya yi gyara. Ya wajenku?" Daga nan aka shiga lissafi: wane gari ya samu, wane aka yi wa fashi, gonar wa tsutsa ta taɓa, wa ya haihu, wa ya rasu. Tsohon ya hango jikarta 'yar shekara biyar tana laɓe, ya ce, "Amaryata, ba ki gaida mijinki? To na fasa ɗan kunnen." Yarinyar ta ce ita ba ta son mai furfura. Aka yi ta dariya.

Sai da aka ci aka sha, Gwaggo ta kwance wani ƙulli daga cikin ƙullin. Ɗan kunne wari guda wanda ɗan'uwansa ya ɓace, zoben da ya matse wa mai shi, sarƙar maƙwabciya, awarwaron kishiya, kowanne da saƙonsa. Wannan shi ne aikin damina na gaskiya: gyara, kuma zumunci ne ke kawo shi har gida. Wasu za a biya da sefa, wasu da tiyar wake bayan girbi, na Gwaggo kuwa ba a ma tayar da zancen.

Mutanen nan ba sa ɗaukar zuwa Matamaye ko Kance ko Magarya a matsayin fita waje. Lokacin jihadi, da aka ci Daura a farkon ƙarni na 19, Sarki Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure, suna hulɗa da Damagaram kusan shekara ɗari, har Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa gadon Daura a 1906. Daga wannan shekara zuwa 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Layin ya bi ta tsakanin gonaki da surukai. An ji nauyinsa sosai a daminar 2023: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Tireloli suka yi ta jibgewa a bakin shinge, 'yan dako da masu abinci suka rasa na yi. Gwaggo ta ce ita dai ba ta fasa zuwa suna ko gaisuwar mutuwa ba, ta cikin gero suke biyowa a ƙafa, sai dai tafiyar da ake yi kafin hantsi ta koma ta yini.

Wani baƙon kuma Buzu ne, maƙeri shi ma, yana kan hanyarsa ta zuwa Kano da jakar fata cike da kayan Agadas. Tsakanin Buzaye da maƙera akwai wasa, don haka tun kafin ya kwance rawani aka fara: wannan ya ce bawansa ya iso, wancan ya ce a kawo wa ubangida shayi. Da aka natsu sai aka baje kaya. Aikinsu daban ne: da kakin zuma suke fara siffanta abu, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, su zuba azurfa a gurbinsa, sannan su zauna zane da ɗan tsinken ƙarfe. Mai masaukina ya juya wani abin wuya a hannu ya daɗe, ya yaba zanen, ya kushe maƙalin. Buzun ya ce shi ma kasuwarsa ta mutu tun da Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Agadas.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba: sana'ar tana ja da baya, kuma ba damina ce ta jawo ba. Amaryar yau in da hali gwal ɗin Dubai take so, in babu hali ta sayi na kanti, 'yan Sin ko 'yan Indiya, masu ƙyalli, a sa wata uku su koɗe a jefar. Ba na ganin laifinta, kowa da zamaninsa. Amma ranar da taki ya gagara, babu mai karɓar na kantin ko a kan mudun gero. Abin da ya rage wa maƙerin farfaru mai ƙarfi shi ne Fulanin daji, da tsofaffi, da zoben maza. Namiji an hana shi zinariya, an yarje masa azurfa, kuma a Malikiyya zobe ɗaya ne, kada ya wuce nauyin dirhami biyu, wato kusan giram 6. Tsohon ya san wannan awo ko cikin barci. Sai kuma kayan doki, in Sallar Gani ta matso a Daura, wadda a 'yan shekarun nan take faɗowa a ƙarshen damina. Babban ɗansa yana da 'yar rumfa kusa da shinge yana gyaran waya, yana liƙa ƙananan wayoyi da dalma. Uban ya ce ba ya jin haushi, hannun dai na gidan ne.

Ran Lahadi muka tafi kasuwar Mai'aduwa, wadda ke tara shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasashen biyu, dillalai daga kudu suna loda tireloli. Ya shimfiɗa ɗan baƙin ƙyallensa a layin 'yan koli, ya jera zobba da 'yan kunne. Har azahar zobe uku ya sayar, ya buɗe wa wani wanda ya matse. Sai wani Bafillace ya tsuguna, ya daɗe yana jujjuya awarwaro, ya ce yana son shida irinsa, masu nauyi, na ƙanwarsa. Aka yi maganar awo, aka yi ta fasali, ba a yanke kuɗi ba. Azurfa tana bin dala, dala kuma ba ta zama wuri ɗaya, ga shi shi ma sai ya sayar da ɗan maraƙi. Suka ajiye magana sai an yanke gero.

Da kuɗin zobban ya sayi tiya biyu ta takin zamani da gishiri da ɗan goron uwargida. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, hadari ya fara haɗowa, ya naɗe ƙyallensa tun kasuwa ba ta watse ba, don yana so takin ya shiga gindin dawar bayan gari kafin ruwan ya sauko. Ya hau bayan babur ɗin ɗansa suka yi arewa, ni kuma na nemi motar Daura.